Yadda Ake Riƙe Kamfanin Samar da Ma'aikata Idan Tattalin Arziki Ya Juya

Kamfanin da ke samo wa wasu kamfanoni ma'aikata yana cikin waɗanda ke fara jin canjin tattalin arziki a jikinsu, domin duk masana'antar da ciniki ya ja wa baya, abin da take fara yi shi ne dakatar da ɗaukar sabbin mutane. An ga haka a Najeriya lokacin koma-bayan tattalin arziki na 2016, an sake gani a 2020 sa'ad da annobar korona ta rufe kasuwanni, sannan aka shiga wani yanayin daban bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin wannan shekara. Abin da ya fi kashe irin wannan kamfani a waɗannan lokuta shi ne ratar da ke tsakanin ranar biyan albashi da ranar da abokin ciniki zai biya kuɗinsa, kuma a kan wannan rata ya kamata mai kamfani ya gina tsarinsa.

Da farko, ka san ta ƙofar da kuɗi ke shigo maka. Akwai la'adar da ake karɓa sau ɗaya idan ka samo wa kamfani ma'aikacin dindindin, kamar akanta ko injiniya, akwai kuma kwantiragin da ma'aikatan ke zama a ƙarƙashinka, kai ke biyan su albashi, abokin ciniki kuma yana biyan ka wata-wata. La'ada tana da daɗi lokacin da kasuwa ke garawa, amma ita ce ke fara ƙafewa idan abubuwa suka tsaya. Kwantiragin masu gadi, direbobi, masu shara da leburorin masana'anta kuwa ya fi la'ada jure lokacin matsi, saboda kamfanoni suna gudun ɗaukar nauyin ma'aikaci na dindindin. Saboda haka ka yi ƙoƙari kuɗin kwantiragi na wata-wata ya riƙa ɗauke maka hayar ofis da albashin ma'aikatanka na cikin gida, la'ada kuma ta zama ribar da ake ajiyewa.

Sai dai kwantiragi yana cin jari fiye da yadda sabon shiga ke zato. Ɗauki misalin wanda ya kai ma'aikata 100 wata masana'anta a Sharaɗa ko Challawa a Kano, kowannensu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Albashin wata guda kaɗai naira miliyan 7 ne. Idan yarjejeniyar ta ce masana'antar za ta biya bayan kwana 60 da miƙa mata takardar neman biya, to za ka fitar da albashin wata biyu, wani lokaci har na uku, daga aljihunka kafin sisin kwabo ya shigo. A kan wannan akwai kashi 10 cikin 100 na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki, ban da kashi 8 da ake cira daga albashin ma'aikaci, akwai kashi 1 na asusun NSITF na diyyar haɗari a wurin aiki, akwai na asusun horaswa na ITF ga kamfanonin da dokarsa ta hau kansu. Wanda ya ce zai cike wannan rata da rancen banki ya tuna cewa a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da bashi. Ribar kwantiragi ba ta da kaurin da za ta ɗauki wannan nauyi.

Maganin yana cikin takardar yarjejeniya, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Ka nemi a ba ka kafin alƙalami na albashin wata guda kafin ma'aikata su fara aiki, ko kuma a rubuta cewa kuɗin albashi zai shigo asusunka kafin ranar 25 ga kowane wata, ladan aikinka ya biyo baya. Ka raba albashi da ladan kamfani a cikin takardar neman biya, domin kowa ya ga abin da ke na ma'aikaci da abin da ke naka, lissafin harajin VAT ma ya fi sauƙi a haka. Ka kuma sa sharaɗin sake duba farashi duk wata shida, ko duk lokacin da gwamnati ta canza mafi ƙarancin albashi. Waɗanda suka sa hannu a kwantiragin shekara biyu ba tare da wannan sharaɗi ba sun sha wuya a 2024, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yuli. Abokin cinikin da ya ƙi amincewa da ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, a ganina gara a bar shi ya tafi komai girman sunansa.

Kuɗin albashi da na fansho su kasance a asusu na daban wanda ba a taɓa shi don sayen mota ko gyaran ofis. Ma'aikacin da aka yi wa jinkirin albashi sau biyu zai bar aiki ba sallama, masana'antar kuma kai za ta tuhuma. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ajiyar da za ta riƙe ofis na aƙalla wata uku a lokacin yalwa ake tara ta.

Kada abokin ciniki ɗaya ya zama shi ne rabin cinikinka. A 2023 manyan kamfanoni irin su GSK mai yin magunguna da Procter & Gamble mai yin kayan amfanin gida sun sanar da sauya tsarin harkokinsu a Najeriya tare da janye wasu ayyukansu, kuma duk mai kai wa irinsu ma'aikata kaɗai ya san abin da hakan ke nufi. Ka duba ɓangarorin da ba sa tsayawa ko da an shiga matsi, wato asibitoci, makarantu, sarrafa abinci da jigilar kaya. A Arewa akwai kuma aikin kaka, lokacin da masu fitar da riɗi da zoɓo daga kasuwar Dawanau da masu casar shinkafa ke buƙatar hannu da yawa na 'yan watanni.

Idan ciniki ya yi ƙasa, jarabawar da ke zuwa ita ce a fara sayar wa masu neman aiki fom ko a ce su kawo kuɗin rajista. Kada ka yi. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2023, ta hana kamfanonin samar da ma'aikata karɓar kuɗi daga masu neman aiki, kuma matashin da ya ranto kuɗin mota ya zo ofishinka da takardunsa a cikin ambulan ba shi ne ya dace ya ciyar da kamfaninka ba. Lokacin da aiki ya ragu, ka yi amfani da shi wajen tantance mutane: a kira waɗanda suka tsaya musu, a tabbatar da takardun shaidarsu, a gwada direba a kan titi, a adana bayanansu yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada. Ranar da kasuwa ta farfaɗo, wanda zai iya kawo mutum 50 tantattu cikin mako guda shi zai karɓi kwantiragin.

Game da faɗaɗawa, kada ka buɗe reshe a Abuja ko Legas sai kana da kwantiragin da zai biya kuɗinsa a hannu. Ka tabbata lasisinka na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya bai ƙare ba, ka kuma shiga ƙungiyar HuCaPAN ta masu wannan sana'a. Faɗuwar naira ta sa da yawa suna hangen kai ma'aikata Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa domin samun kuɗin waje, amma wannan yana buƙatar izini na musamman da kwantiragin da aka tantance, da kuma wani amintacce a can da zai bi kadin ma'aikaci idan aka riƙe masa fasfo ko albashi. Wanda bai tanadi waɗannan ba yana iya samun kansa a gaban hukumar NAPTIP bisa zargin safarar mutane, don haka ya tsaya a kasuwar gida har sai ya shirya.