A fitar da kaskon wuta kafin a kwanta

'Yan uwa, hunturu ya shigo, don Allah a daina kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari da ke kama jini fiye da oksijin sau 200, ta hana shi kai oksijin ga ƙwaƙwalwa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne mutum ba ya jin yana shaƙewa. Sai dai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sannan barci mai nauyi ya ɗauke shi.

A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon waje. Janareta ma a tsakar gida, nesa da taga. In 'yan ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, a fito da su iska nan take, a kai su asibiti.