Matar manomi mai sana'a a gida: wuraren da muka fi yin tuntuɓe

Shekarar da na fara kiwon kaji masu ƙwai a bayan ɗakina, gani nake tunda hatsi daga gonarmu yake fitowa, ruwa kuma daga rijiyarmu, duk abin da ya shigo hannuna riba ce. Sai da shekara ta zagayo, kajin suka tsufa, na nemi kuɗin sayen sababbin 'yan tsaki na rasa. Ƙwai ya sayu ƙwarai, amma kuɗin ya zurare kamar ruwa a kwando. Daga baya na lura mata da yawa a nan suke faɗuwa, ko kiwo suke yi, ko ɗinki, ko haɗa sabulu.

Babban kuskuren shi ne cakuɗa uwar kuɗi da kuɗin cefane. Ba rana ɗaya ake cinye jari ba. Yau takalmin yaro ya tsinke, gobe sabulun wanki ya ƙare, jibi maigida zai sallami 'yan ƙwadago kuɗinsa bai cika ba, ya leƙo ya ce, "Ɗan ba ni abin da ke wajenki, zan mayar miki." Kowanne buƙata ce ta gaske, shi ya sa ba ma jin zafin fitarsa. Maganinsa jaka biyu da littafi ɗaya. Duk ciniki ya shiga jakar sana'a, ki yanka wa kanki abin da za ki riƙa ɗauka duk mako ki zuba a jakar gida, in ya ƙare ya ƙare. Rancen maigida kuwa ki ba shi da fara'a, amma ki rubuta a gabansa, ku tsai da rana. Ni nakan ce, "Maigida, na rubuta fa, in an sayar da amfanin gona a tuna da ni." Da farko ya ji wani iri. Yanzu shi da kansa yake cewa in ɗauko littafin.

A littafin nan ki sa har da abin da kika ɗiba a rumbu. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji 50 na lashe kusan kilo 6 kullum, kuma ba sa fara ƙwai sai wajen mako 18 zuwa 20. Kusan wata biyar ke nan kina ciyarwa babu abin da ke shigowa. In ba ki ƙiyasta hatsin nan da farashin kasuwa ba, abincin iyali ne kike juyawa ya zama ciniki, kina kiransa riba.

Sai kuma mantawa da cewa gona tana da nata lokacin, kuma ba ta jiran kowa. Na taɓa karɓo 'yan tsaki ana saura kwana huɗu a fara girbi. A makon farko suna buƙatar ɗumi na wajen digiri 32 zuwa 35 dare da rana, da mai leƙa su a kai a kai. Ni kuwa ina tsakanin murhu da hanyar gona, ina kai wa ma'aikata abinci. Wata asuba na ɗaga labulen akurkin na tarar garwashi ya mutu, sun cunkushe a kusurwa ɗaya, na ƙasa sun riga sun sandare. Ranar na yi kuka. Abin da ya kamata in yi mai sauƙi ne: in ƙirga gaba kafin in ɗauki nauyi. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, akuya tana haihuwa bayan kusan kwana 150, saboda haka kina iya sanin ranar da aiki zai taso miki tun kafin ki fara shi. Ki zana watannin shuka, noma da girbi a jikin kalanda, ki rage karɓar aiki a cikinsu. Mai ɗinki ta faɗa wa mai kaya gaskiya, "Yi haƙuri, sai bayan girbi." Wanda kika ba rana mai nisa kika cika zai dawo, wanda kika yi wa alkawarin gobe kika saɓa da wuya ki sake ganinsa.

Bashi ga dangi da maƙwabta ba sai na tsawaita ba. Ki sa iyakar abin da za ki iya yafewa, kada ki wuce ta.

Wanda ya fi damuna shi ne na yara, musamman babbar 'ya. Taimako yana da kyau, a nan suke koyon sana'a. Amma idan ita ce mai raino, ita ce mai sharar akurki, ita ce mai kai saƙo, har ta fara gyangyaɗi a aji ko fashin makaranta, to sana'ar ta fi ƙarfin gidan. Ko a rage ta, ko a ɗauki mai taimako a biya shi daga jakar sana'a. Ƙanana 'yan ƙasa da shekara 5 kuma kada a bar su suna wasa da 'yan tsaki, domin kashin kaji na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, kuma duk wanda ya fito daga akurki ya wanke hannu da sabulu. Maganin feshi na gona a kulle shi a wani wuri dabam, nesa da kayan sayarwa da hannun yara, jarkarsa ma kada a sake zuba komai a ciki ko an wanke ta.

Masu saye su ma sai an koya musu lokaci. Da can ko muna tsakiyar cin abincin dare aka yi sallama sai in miƙe. Yanzu kowa ya san daga hantsi zuwa la'asar nake ciniki, wayar ma in rana ta faɗi a kife take. Na rasa mutum biyu ko uku, sauran sun saba cikin wata guda.

Kafin ruwan farko ya sauka kuma, ni da maigida mukan zauna da kalandar da littafin, mu raba makonnin: wanda zan tsaya wa gona gaba ɗaya, da wanda shi zai kai yara makaranta ya ɗebo ruwan kaji. Bana 'yan tsakina sai mako biyu bayan an gama sussuka za su iso.