Ka Iya Iyo a Gulbi? Teku Daban Take

Yaron da ya taso a Wudil ko Ringim ko Haɗeja, da wuya ya kai shekara goma bai iya iyo ba. Damina na sauka kududdufi zai cika, a tuɓe a faɗa, iyaye na faɗa ana komawa. To yaran nan su ne yanzu suke Legas da Kwatano da Lome suna neman na kansu, wasu karatu ya kai su Zanzibar, wasu aiki ya ajiye su Jidda. Ranar hutu sai a ɗunguma bakin teku. Abin da ke damuna shi ne, wanda bai iya ruwa ba yakan tsaya nesa saboda tsoro, gwanin kududdufi kuwa shi ke naɗe wando ya ce ai ruwa ruwa ne.

Kuskuren da ya fi kowanne muni wajen zaɓen wurin shiga ake yin sa. Mutum zai tsaya ya ga igiyar ruwa tana fashewa da farin kumfa ta dama da hagu, a tsakiya kuma ga wani fili lumui, ruwan ya ɗan yi duhu, babu hayaniya. Hankalin ɗan gulbi zai ce masa nan ne lafiya. Alhali sau da yawa nan ne hanyar da teku ke kwashe ruwanta ta koma ciki.

Manomin shinkafa na Kura ko Bunkure zai fi kowa saurin gane wannan. Idan fangali ya cika maƙil kuma ana ta ƙara masa ruwa, ba ta ko'ina ruwan zai fita ba, wuri ɗaya mai rauni zai samu a jikin kunya ya ɓalle da ƙarfi. Haka igiyoyi suke ta tura ruwa gaɓa, ya taru, sai ya nemi kwari a cikin rairayi ya bi ya koma. Ni kwararon teku nake ce masa. A tsibiran da duwatsun murjani (wasu duwatsu masu kaifi da ke tsirowa a cikin teku) suka kewaye, irin su Fiji da Samowa da Maldibs da gabashin Zanzibar, abin ya ma fi fitowa fili: igiya tana fashewa a kan murjani ta zuba cikin tafkin da ke tsakaninsa da gaɓa, kuma duk ruwan nan ba shi da mafita sai ta 'yan gibin da ke jikin dutsen. Tafkin a kwance yake kamar randa, har ƙasa ake gani. Bakin gibin kuwa tamkar an buɗe ƙofar dam.

Yawanci faɗin kwararon bai wuce mita 25 ba, amma gudunsa yana iya kai mita 2 da rabi a daƙiƙa guda, wanda ko zakaran iyo na duniya ba ya kai haka. A Amurka, inda ake ajiye lissafi, fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da masu gadin gaɓa ke cetowa a bakin teku wannan ne ya ja su. Gyaran bai da wuya. Kafin ka taɓa ruwa, hau tudu ka yi minti biyar ko goma kana kallo. Duk inda ka ga igiya ba ta fashewa, ko launin ruwa ya bambanta, ko kumfa da ledoji suna tafiya ciki maimakon su zo gaɓa, ka bar wurin.

Idan kuma ya riga ya ɗauke ka, a nan kuskure na biyu yake, kuma shi ke kisa. Mutum ya ga gaɓa tana yi masa nisa sai ya juya ya fuskance ta, ya dinga bugun ruwa iya ƙarfinsa. Minti biyu hannu ya mutu, numfashi ya ƙare. Abin mamaki, a gida ba ma yin haka. Wa ya taɓa ganin masunci yana kokawa da kogin Haɗeja gaba da gaba a watan Agusta? A karkace ake yankar ruwa. To haka nan ma: ka bi gefe, daidai da layin gaɓa, har ka ji jan ya sake ka, sannan ka bar igiya ta turo ka waje. In ƙarfi ya gaza, kwanta rigingine ka sha iska. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, saboda haka ya fi ruwan Tiga ɗaga mutum. Ɗaga hannu guda, ka yi ihu.

Kwararon ba ya jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa kawai yake kai shi, kuma ƙarfinsa yakan mutu bayan ya wuce inda igiya ke fashewa. Na san a ƙauye za a ce 'yan ruwa ne suka riƙe ƙafa. Ba zan yi jayayya da kakanni ba, amma mafi yawan abin da ake gani gajiya ce da firgita.

Wurin murjani yana da nasa sharaɗin. Yankar gefe a cikin gibi na iya haɗa ka da dutse mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba, igiya na maka ka a kai, kuma yankan murjani saurin ruruwa gare shi idan ba a wanke shi sosai ba. A can an fi so ka yi iyo a kwance ka nemi agaji, kada ka yi yunƙurin hawa dutsen. Mafi alheri ma kada ka kusanci gibin sam.

Akwai kuma abin da ɗan arewa bai taso da shi ba, wato cika da janyewar teku. Gulbinmu shekara yake yi kafin ya cika ya ƙafe. Teku a mafi yawan gaɓoɓi sau biyu take yi a kwana guda, kusan awa 6 tana hawa, awa 6 tana sauka, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Inda ka yi wasa da hantsi lafiya lau, da la'asar yana iya zama wani wuri dabam, domin kwararo ya fi ƙarfi idan ruwa yana janyewa. A gabashin Zanzibar teku takan ja baya da nisa har baƙi su taka su shiga kallon kifi, su shagala, ruwa ya dawo ya tare musu hanya. Mu da muke lissafin wata, wannan ba zai ba mu wuya ba: lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar hawa da saukar suka fi tsanani.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Shiga da jallabiya ko dogon hijabi, tufa ta jiƙe ta zama kaya. Ba teku baya don ɗaukar hoto. Raina jar tutar da ake kafawa a gaɓa, alhali ma'anarta kada a shiga. Jin nauyin tambayar masunta, alhali a gida ba za ka tsallake sarkin ruwa ka shiga gulbinsa ba tare da sallama ba.

Na bar maganar ceto a ƙarshe don ta fi ciwo. Ɗan'uwa na kiran "Yaya, ka taimake ni", wa zai iya tsayawa? Sai a faɗa hannu rabbana, a rasa mutum biyu maimakon ɗaya, wani lokaci ma na farkon ya fito mai ceton ya tafi. Masuntanmu a kan gora suke hawa ruwa, ba da ƙirji kawai ba. Ka jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarkar da babu komai cikinta an ɗaure murfi, ko kular ruwan sanyi, ko tiyub ɗin tayar mota da aka hura wa iska. Ka tura wani ya kira masu gadin gaɓa ko mai kwalekwale, kai kuma ka tsaya inda yake ganin ka, kana nuna masa gefen da zai bi, kada ka ɗauke ido daga kansa.