Darasi na 9: 'Yan Jinsi Ɗaya a Lambu da Cikin Kwalbar Magani

Ku tsinko ganyen albasa da na tafarnuwa, ku murza kowanne a tafin hannu, ku shinshina. Warin ba ɗaya ba ne, amma hanci zai gaya muku akwai zumunci. Masana sun yarda da hancin naku. Albasa da tafarnuwa iri biyu ne dabam, amma jinsinsu ɗaya. Abubuwan da suke da kusanci irin wannan, ko tsiro ne, ko dabba, ko sinadari, su ake kira 'yan jinsi ɗaya. A takardun malaman gona da ke zuwa mana da Faransanci za ku ga an rubuta congénères.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linniyas, shi ya kafa al'adar ba kowane tsiro suna biyu, a littafin da ya fitar a 1753. Sunan farko na jinsi ne, kamar sunan gida. Na biyu na irin ne shi kaɗai. Albasa Allium cepa ce, tafarnuwa kuwa Allium sativum. Kada tsawon sunan ya ba ku tsoro. Kalmar farko kawai za ku duba, in ta zo ɗaya to gida ɗaya ne. Yakuwa, wadda maƙwabtanmu Fulani ke kira follere, ita da rama duk Hibiscus ne. Wake da gurjiya duk Vigna ne. Gyaɗa tana da dangantaka da su, amma ta nesa.

Suna na Hausa wani lokaci yana ruɗi. Dankalin Turawa da dankalin Hausa sunansu ɗaya a bakinmu, alhali jinsinsu ba ɗaya ba ne, danginsu ma dabam. 'Yan'uwan dankalin Turawa na jini su ne tumatir da gauta, dukkansu Solanum. Barkono, tattasai, attaruhu da taba suna cikin babban danginsu.

To ina ruwan mai lambu da wannan? Ruwansa babba ne, domin 'yan gida ɗaya cutarsu ɗaya. Akwai wata cuta da ke sa tumatir ya yi yaushi rana tsaka, ganyensa shar, ƙasa kuma a jiƙe. Mai lambu ya ƙara ruwa, a banza. In kuna so ku gane ta, ku yanko karan kusa da saiwa, ku tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa garau, kada ku girgiza. Bayan 'yan mintoci za ku ga wani farin abu yana zuba daga karan, siriri kamar zare. Ƙwayoyin cutar ke nan. Suna zama a ƙasa shekara da shekaru. Wanda tumatirinsa ya mutu haka, ya ce bana gauta ko barkono zai sa a fangalin, bai sauya komai ba. Gara ya sa masara ko dawa, ko ya bi sahun masu lambun Meskin da ke gefen Marwa ya dasa albasa.

Amma kusanci ba ya nufin hali ɗaya a komai. Ƙuduji da ke kashe dawa da gero da masara, da wanda ke kama saiwar wake, duk Striga ne, sai dai kowanne da abincinsa. Na dawa ba ya cin wake. Shi ya sa wake ke da amfani a gonar da ƙudujin dawa ya addaba.

Sinadarai ma suna da irin wannan zumunci, kuma a nan karatun da kuke koya zai hana ku asarar kuɗi. Kwalaben maganin ƙwari a kasuwar Garwa ko Kusiri launinsu dabam, sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe dabam. Ku bar babban sunan, ku nemi ƙananan baƙaƙen da ke faɗin sinadarin da ke ciki. Cyperméthrine, deltaméthrine, lambda-cyhalothrine: ku lura duk sun ƙare da "thrine". Gida ɗaya ne, hanya ɗaya suke kashe ƙwaro. Tsutsar da ta saba da ɗaya galibi ta saba da sauran. Haka ta faru da tsutsar da ke huda ƙwallon auduga a Afirka ta Yamma tun ƙarshen shekarun 1990, daga baya abin ya iso gonakin arewacin Kamaru. Mai shago zai ce muku "Alhaji, wannan sabon shigowa ne, ya fi wancan ƙarfi." Wataƙila shi ma bai taɓa karanta ƙananan baƙaƙen ba. Ku karanta da kanku, in ƙarshen sunan ɗaya ne da na wanda ya ƙi ci, ku tambayi malamin gona wani daga wani gidan.

Aikin gida: kowa ya rubuta abin da ya shuka bara da wanda zai shuka bana a fangali ɗaya, ya ja layi ƙarƙashin 'yan gida ɗaya. Wanda ke da tsohuwar kwalbar magani kada ya kawo ta aji. Ya kwafo sunan sinadarin a takarda, ya wanke hannu da sabulu, mu karanta tare a zama na gaba.