Yadda ake ɗaure notin fistin na bindigar M1 Carbine kar ya sake kwancewa

Duk wanda ya taɓa riƙe M1 Carbine ya san bindiga ce mara nauyi, kilo biyu da ɗan wani abu, wadda sojojin Amurka suka ɗauka a 1941 aka ƙera sama da miliyan 6 kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945. Abin dariyar ma ba kamfanonin bindiga kaɗai suka yi ta ba, akwai Winchester, amma akwai IBM da Underwood masu keken rubutu da Rock-Ola masu akwatin kiɗa. Toh yanzu shekarunta sun haura 80, masu tara tsofaffin bindigogi a Amurka suna ji da ita, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke ba su ciwon kai wani ɗan noti ne da bai kai kan babban yatsa ba.

A ƙarƙashin bututun akwai wani ɗan gida, shi ne silindar gas. In an harba, iskar gas tana bi ta wata ƴar ƙofa ta shiga nan ta bugi fistin, fistin ɗin ya ɗan zabura baya kaɗan kawai ya doki silaid, wato ƙarfen da ake ja baya da hannu, silaid ya ja bolt, ƙarfen da ke toshe bayan harsashi, ya fitar da kwanso. Notin nan mai tsaga a bakinsa shi ke tare fistin kar ya fito. In ya saki za ka ga bindiga ta fara gardama, kwanso ya ƙi fita ko sabon harsashi ya ƙi hawa, in kuma aka yi sakaci silaid ya dinga dukan notin har ya cinye tiredi, wato zaren ƙarfen da notin ke hawa a kai.

Abu na farko, kuma ni a wajena shi ne babba: in notin bai motsa ba ka ƙyale shi. Sojan da aka ba bindigar ma ba a yarda ya kwance shi ba, aikin masu gyaran makamai ne. Dalili kuwa harsashin .30 Carbine da Amurka ta yi tun farko ba ya barin gishirin da ke jawo tsatsa, don haka fistin ba ya buƙatar wanki kullum. Mutane da yawa garin neman gira suke rasa ido, su kwance lafiyayyen noti wai za su goge, su ƙare da fasasshiyar silinda.

In kuwa ka taɓa ka ji yana juyawa da yatsa, toh ga yadda ake yi. Cire magazin, ja silaid baya ka leƙa ciki da idonka ka sa yatsa ka tabbatar ba harsashi, ka kai harsasan wani ɗaki ma gaba ɗaya. Sassauta sukurun zoben da ke riƙe bututu da ƙota, danna sifirin ɗinsa ka tura zoben gaba, katakon sama zai fita, sai ka ɗago ƙarfen daga ƙota. Cire dogon sifirin da sandarsa, zare fin ɗin gidan kunama, sannan ka fitar da silaid. Yanzu notin yana kallonka.

Ka nemi sifanar da aka yi dominsa, mai haƙora da ke zama daidai cikin tsagar notin. Don Allah banda filaya, banda sa sukurudireba a tsaga ana bugawa da guduma, haka ake lalata su. Ɗaure bututun a bais, wato matsen ƙarfe na teburin aiki, ka sa katako ko fata a tsakani kar ya ji ciwo. Kwance notin a hankali, in ya cije kar ka yi masa ƙarfi, ɗiga masa man sassauta tsatsa ka bar shi ya kwana. Goge baƙin hayaƙin da ya daskare a fistin da cikin silindar, wanke tiredin ya fita tas ba maiƙo. Duba gefen silindar da kyau a haske, in ka ga tsaga ko siririya ce kamar gashi ka tsaya nan, wannan sai ƙwararren mai gyara.

Wajen mayarwa nan ake yin ɓarna. Tiredin siriri ne sosai, ga tsohon tabon da aka dandaƙa a bakin silindar don riƙe notin yana iya karkatar da notin. Fara da yatsa kawai, ka ɗan juya baya har ka ji ya faɗa gurbinsa sannan ka juya gaba, in ya yi tauri tun zagaye na farko a karkace ya hau, fito da shi ka sake. In ya zauna sai ka ɗaure da sifana daidai wa daida, ya kama dai, ba wai ka hau kansa da ƙarfinka duka ba, bangon silindar ba kauri gare shi ba.

Abin da ke riƙe notin ba ƙarfin ɗauri ba ne, dandaƙa ce. Za ka ɗora tsinin ƙaramin fanci, wato sandan ƙarfe mai tsini da ake bugawa da guduma, a leɓen silindar daidai saitin tsagar notin, ka buga da ƙaramar guduma sau ɗaya ko biyu, ƙarfe ya ɗan lotsa ya shiga tsagar ya zama birki. Ka tallafe ƙasan silindar da wani abu mai tauri kafin ka buga, kuma in zai yiwu ka nemi sabon wuri, kar ka koma kan tsohon tabo inda ƙarfen ya riga ya gaji. Ɗan lotsawa kaɗan ya isa.

Wasu sun fi son Loctite, gam ɗin da ake ɗigawa a tiredi ya riƙe noti, saboda tsoron guduma. Ban ce ba ya yi ba, amma wurin nan zafi yake ɗauka kuma irin na gama-gari yana saki in ya ji wuta, ga shi in ɗigo ɗaya ya gangara ciki ya manne fistin ka jawo wa kanka wani aikin. Ni dai dandaƙar na fi yarda da ita.

Kafin ka haɗa, karkata bututun sama da ƙasa, ya kamata ka ji fistin yana ƙas-ƙas yana faɗawa da kansa. Kar ka sa masa mai, a bushe yake aiki, mai ƙonewa yake ya zama dauɗa. Ka ɗan ja layi da alƙalamin maka daga notin zuwa silindar, bayan ka je filin harbi ka dawo sai ka buɗe ka duba ko layin ya goce.