Yadda Ake Shirya wa Ƙaramin Yaro Walimar Zagayowar Ranar Haihuwa a Ƙauye

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa ba a yi wa yara katin gayyata. Idan kika gaya wa yara 10, ki sa ran 40, don da zarar ƙamshin suya ya tsallake katanga, labari ya gama unguwa. Saboda haka shirin ba daga kek yake farawa ba. Daga tambaya ɗaya yake farawa: me wannan tarin yara za su yi na tsawon awa 2 ba tare da kuka ko faɗa ba? In kin tsara wasa da kyau, ko zoɓo da cincin kawai kika raba za a tashi ana murna.

Kafin komai, ki gama da manyan gida. Ki shawarci maigida, sannan ki je wa Inna ko Hajiya da maganar cikin ladabi, domin akwai gidajen da ba sa son wannan biki sam, wasu malamai ma suna hanawa. Inda aka amince, yawanci a matsayin sadaka da addu'a ake karɓarsa: yaro ya ƙara shekara lafiya, za a ciyar da yaran unguwa. In aka ce a'a, ki haƙura, ki dafa abin sadakarki ki raba shiru.

Sai ranar. Ki duba katin rigakafi ko takardar haihuwa ki tabbatar da kwanan wata. Masu lissafi da watan Musulunci su tuna shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kusan kwana 11, don haka a kalandar Bature ranar tana zuwa da wuri kowace shekara. Masu lissafi da watan Bature kuwa, wataran ma cikin azumi za ta faɗo musu. Ba dole sai ranar cif ba. Alhamis ko Juma'a da yamma sun fi, tunda a mafi yawan wurare ba a karatun allo da Islamiyya a ranakun. A fara bayan sallar La'asar, a tashi kafin Magariba. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, kar ki kuskura ki tara yara da rana tsaka. A damina kuwa, musamman Agusta, ki nemi aron zaure tun da wuri ko da hadari zai taso. Ki kuma daidaita da cin kasuwarku: mai sayayya a Wudil ran Juma'a, ko Maigatari ran Alhamis, ko Dambatta da Gujungu ran Lahadi, ta sayo sukari, fulawa, mai da leda a kasuwar da ta gabaci bikin, ba a ranar ba.

Yanzu abin da ya fi kowanne: ki nemo masu jan wasa. Ke kina bakin murhu, ba za ki iya ba. Yarinya 'yar shekara 13 ko 14 mai baki da murya, wadda ƙanana ke jin maganarta, ta fi kowace sifika amfani. Ki samu irinta biyu, da yaro namiji ɗaya sa'ansu. Ki zaunar da su tun ana gobe, ku jera wasannin, ki kuma faɗa musu ƙarara: "Ba duka, ba zagi, kuma duk wasan da za a fara, mai biki ne farko." Ki ajiye musu nasu kason na musamman, don aiki za su yi.

A ranar, a share tsakar gida a yayyafa ruwa saboda ƙura, a rufe rijiya ruf, a mayar da awaki turke, a kange wajen murhu da turmi ko benci. Hoto kuma a ɗauka tun farko, kaya na da tsafta, fuska ba maiƙo. Bayan rabin awa ba za ki gane rigar ba.

A buɗe da addu'a gajeruwa, sannan a shiga wasannin tsalle tun ƙarfinsu na nan, ciki kuma bai cika ba. A raba su gida biyu. 'Yan shekara 6 zuwa sama su fita filin ƙofar gida: maza su yi langa a inda yake da rairayi, mata su yi gaɗa ko 'yar gala-gala ko tsallen igiya. Tseren buhu ma yana ba da dariya, ga buhunan hatsi nan a ɗaki ba sai an saya ba. Ƙanana kuwa su tsaya a cikin gida inda idonki ke kaiwa. Su ba sa jure dogon sharaɗi. Ɗan akuyana ya dace da su: a riƙe hannu a yi da'ira, ɗaya yana tsakiya yana neman hanyar fita. Ko a jera kujerun tsuguno, a rage ɗaya daga yawan yaran, ana tafi suna zagayawa, tafi na tsayawa kowa ya nemi wajen zama. Kin ga ba ki buƙatar caji ko wutar lantarki. Sai dai a nan ake yawan kuka, don ɗan shekara 3 bai san an ci shi ba, shi dai an ƙwace masa kujera ne. Maganin abin, duk wanda ya fita a miƙa masa dabino ɗaya, a sa shi cikin masu tafi.

Kowane wasa kar ya wuce minti 10. Da kin ga biyu ko uku sun fara zamewa suna leƙa madafa, a sauya, ko da wasan bai ƙare ba.

Daga nan a sauko da su a hankali da wasan zaune. Jini-jini ya yi daidai: mai bayarwa ta ambaci abu, in yana da jini a amsa "ja", in babu a yi shiru. Akuya, ja. Kaza, ja. Sai ta saka dutse cikin sauri, wani ya yi suɓul da baka. A dandali duka ake yi wa wanda ya faɗi, amma a nan a sa shi ya yi kukan jaki ko caran zakara, kowa ya yi dariya a wuce.

In bayan kaka ne, kara ya wadata, to ga nishaɗin da na fi so. A feƙe ɓawon karan dawa tun da safe (babba ya yi, don yana yanka hannu), a yayyanka totuwar guntu-guntu, a zuba a faifai. Yaro babba ya zauna a tsakiya yana lanƙwasa ɓawon yana sokawa a totuwa, nan take tabarau ya fito, ko mota, ko gado. Ki ga yadda 'yan ƙananan ke zuba ido baki buɗe, kowa na jiran nasa. Mai biki a fara ƙera masa, ya maƙala tabarau a hanci ya zagaya. Abin da kowa ya samu shi ne tsarabarsa ta komawa gida. Da damina a maye gurbinsa da yumɓu, a gina shanu da tukwane, a tanadi bokitin ruwa a gefe.

Abinci sai bayan wasa. A wanke hannu da sabulu, a zauna a tabarma, ƙanana a gaba. Dafa-duka ko shinkafa da wake a faranti, mutum uku-uku, da zoɓo ko kunun aya. Cincin, gullisuwa da tuwon madara a ƙulle su a leda tun daren jiya, a ƙulla fiye da lissafi, a ɓoye wasu a ɗaka saboda masu zuwa a makare. Almajiran da za su tsaya a zaure a ware nasu tun daga tukunya, haka ma kwanon maƙwabta. Mai son kek ba sai ta aika birni ba: a zuba yashi mai tsafta a gindin tukunya, a ɗora a gawayi ya yi zafi, a jera gwangwanayen madara da aka shafa wa mai aka zuba ƙullun, a rufe. Ki soka tsinke, in ya fito fes ya gasu. Kowane yaro da guda, ba rigimar yanka.

A kula da 'yan ƙasa da shekara 4: kar a ba su gyaɗa, aya ko alawa mai tauri, suna shaƙewa. Jaririn da bai cika shekara ba kuma ba a ba shi zuma.

Ciki ya cika, sai a kira Kaka. Ta fara da kacici-kacici masu sauƙi: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya, Baba na ɗaka gemu na waje, hayaƙi. Sannan "Ga ta nan, ga ta nanku," a amsa "Ta zo mu ji ta," a saki Gizo da Ƙoƙi. Tatsuniya ɗaya ta isa. Wasu tsofaffin za su ce ba a tatsuniya da rana, sai ki lallaɓa su, ai yamma ta yi. In mai biki ya yi barci a cinya ko ya fara rigima, a kai shi ɗaka, taron ya ci gaba, ba laifi ba ne.

Da rana ta yi ja, a sallami kowa. Masu jan wasan su raka ƙanana har ƙofar gidajensu, musamman in hanyar ta bi ta bakin kududdufi ko titi. Hoton 'ya'yan mutane kar ki ɗora a Facebook ko WhatsApp sai da iznin iyayensu. Kafin a kwance awaki kuma, a tsince ledoji da fasassun balan-balan tas, domin mai rarrafe yana kai su baki, akuya ma in ta haɗiye leda tana toshe mata ciki.