Yadda za ka gwada haɗuwar ƙarfi uku a kan takardar giraf

Masana fiziks sun daɗe suna hasashen cewa ƙarfin lantarki da maganaɗisu, da rarraunan ƙarfi, da ƙaƙƙarfan ƙarfin da ke riƙe da cikin atam, tushensu ɗaya ne idan makamashi ya yi yawa ainun. Georgi da Quinn da Weinberg ne suka nuna hanyar auna wannan a 1974, kuma ɗalibin jami'ar KNUST da ke Kumasi zai iya maimaita lissafin a ɗakinsa a Aboabo ko Asawase. Takardar giraf, rula, fensir da kalkuleta sun isa.

A layin kwance, ka mai da kowane santimita ninki goma na makamashi, ka fara daga 91 GeV (GeV ma'aunin makamashi ne), wato nauyin ƙwayar Z, ɗaya daga masu ɗauke da rarraunan ƙarfi. Layin tsaye na 1/α ne, daga 0 zuwa 60, inda α ke nuna girman kowane ƙarfi. Ɗiga wuraren farawa uku: 59.0 na haifacaji (ƙarfin da ke tsayawa a madadin na lantarki da maganaɗisu a wannan lissafi), 29.6 na rarrauna, 8.5 na ƙaƙƙarfa. Ka lura, idan adadin ya yi sama, ƙarfin raguwa yake yi.

Bisa ƙwayoyin da aka riga aka gano, duk santimita ɗaya layin farko na sauka da 1.50, na biyu na hawa da 1.16, na uku da 2.57. Fere fensirinka sosai ka ja su. Na farko da na biyu za su gamu wajen 10^13 GeV, na farko da na uku kaɗan sama da 10^14, na biyu da na uku kuwa sai 10^17. Ba su haɗu wuri ɗaya ba, kamar yadda ya kamata idan tushensu ɗaya ne.

Sake zane, ka ƙara da ƙwayoyin sufasimetiri, wato abokan da ake hasashen kowace sananniyar ƙwaya na da su: na farko ya sauka da 2.42, na biyu ya sauka da 0.37, na uku ya hau da 1.10. A nan dukkansu za su taru kusa da 24, wajen 2×10^16 GeV. Abin na da ban sha'awa ƙwarai, amma a yi hattara, injin karo da ƙwayoyi na LHC a cibiyar binciken CERN bai ga ƙwayoyin nan ba har yanzu, kuma na'urar bincike ta Super-Kamiokande a Jafan ba ta ga furoton ya ruɓe ba, abin da hasashen haɗuwar ke cewa zai faru.

Wurare biyu ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wanda ya manta da ninkin 5/3 da ake gyara α na haifacaji da shi zai fara daga 98 maimakon 59, layin ya ɓace masa gaba ɗaya. Wanda kuma ya lissafa gangaren da kansa ya rikita ln da log, wato nau'ukan logaridim biyu, adadinsa zai kauce da ninki 2.303.